Tsarabar Roma

A tashar Batsari wani saurayi na zaune, jakar goyo tsakanin ƙafafunsa, takalmansa sun suɗe. Babu wanda ya zo tarbarsa. Zuwairatu mai rogo na kallonsa yana nuna wa ɗan acaɓa hotunan tsofaffin gine-ginen Roma a waya. Kowane hoto shi kaɗai ne a ciki.

"Gini ba a cinsa, malam," in ji ɗan acaɓan. "Ina tsarabar tsohuwa?"

Saurayin ya mayar da wayar aljihu, ya miƙe. Da gani yawon ƙafa ya sha, bai sayo komai ba. Ga shi can wajen mai tebur yana sayen alewa, yana juye ta cikin wata leda mai rubutun Turawa.

Zuwairatu ta taɓe baki. Ledar dai ta ga Roma.