Mazarin Inna

Jikata ce ta ajiye mini littafinta a kan tabarma, ƙamshin sabuwar takarda ya tashi. Tana aji biyu a ƙaramar sakandare, nan Gusau. Malamarsu ta ce duk labarin da suka karanta, kowa ya rubuta abin da ya ji a ransa. Ita kuwa labarin take kwafewa tsaf. A ƙasa malamar ta sa jan biro: ke fa, me kika ji?

Sai na tuna da kakarmu a Kwatarkwashi, wadda muke kira Inna. Lokacin kaka, in an kwaso auduga, mukan zagaye ta bayan magariba, tana kaɗi tana yi mana tatsuniya, hayaƙin kara yana shiga idanunmu. In ta gama ba ta sallamarmu. Sai ta miƙa wa ɗayanmu mazarinta, wanda ya riƙe shi ne mai magana. Tambayarta ɗaya ce: wa ka ji tausayi? Ƙanena ya taɓa cewa kura, don kullum da yunwa take kwana. Muka yi ta dariya, amma Inna ta ce a bar shi ya ƙarasa, mazari yana hannunsa.

Ka san ni karatuna bai wuce firamare ba. Da na haifi nawa, na ɗauka boko hadda ce kawai. Wata rana uban yarinyar nan, yana ɗan yaro, ya ce shi ɓarawon cikin littafinsu ya ba shi tausayi. Na daka masa tsawa, na ce ya karanta abin da aka rubuta ya yi shiru. Ya yi shirun. Har yau in na tambaye shi ra'ayinsa, sai ya ce duk yadda na gani. Haka ya rene ta.

Na ɗauki bironta na damƙa mata kamar yadda Inna take yi da mazari.

“Amaryata, a labarin nan wa kika ji tausayi?”

“Tsoho, kar ka sa a ba ni sifiri. Wanne ne daidai?”

Na ce babu daidai a ciki, nata ake so. Ta dube ni kamar mai jiran tarko, ta ce za ta tambayi babanta. Na san abin da zai ce mata.

Yanzu malamai ne ke roƙon yara abin da Inna take samu da mazari ɗaya. Ta naɗe littafin, ta mayar mini da biron a hannu, ta tafi.