Ranar da Na Ci Tuwon Kurmi

Tun ba mu bar Bangi ba na ƙudura a raina cewa ba zan ci abincin Kurmi ba. A ranin 1964 ne, an gama cirar albasa a fadama, ina tsaye bakin rijiya da ɗan tuluna, sai na ji matan unguwa suna zancen babana. Damina uku ke nan bai zo noma ba, yana can Kumasi a ƙasar Gana, wadda mu muke kira Kurmi. Wata ta ce ai ba abin mamaki ba ne, ta maimaita maganar da kakata takan yi in tana kaɗi da maraice: "Kowa ya ci tuwon Kurmi ya ƙoshi, ƙafatai ba ta juyowa gida." Su sun yi dariya sun ɗauki tulunansu. Ni kuwa, da ban fi shekara tara ba, maganar ta zauna mini a ciki kamar dutse, domin a wannan makon Inna ta ce za mu bi Kawu Sani, ƙanenta, a motar albasa mu je mu gano Baba.

Kaka, uwar babana, ita ta haɗa mana guzuri. Sunanta aka sa mini, shi ya sa Baba ba ya kiran sunana sai dai ya ce Uwani. Ta daka gumba da kayan yaji ta shanya ta bushe, ta sayi cuku wurin matan Buzaye da ke zuwa cin kasuwa, ta aika aka kawo ɗan kilishi daga Madawa, ta ɗaure nawa daban a tsumma mai tsabta. Ba ta ce mini kada in ci abincin can ba. Ta dai riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Ke dai ki komo mini." Ni na fassara sauran.

Bisa buhunan albasa muka yi tafiyar, har warinta ya kama zannuwanmu da gashinmu. Muka wuce Kwanni, Dogon Dutsi, Doso. A Yamai ba a yi gada ba tukuna, jirgin fito ya ɗauki motar sukutum ya ƙetare kogi da ita, na rufe ido ina riƙe da ƙafar Inna. Ko'ina aka tsaya, a bakin duwan, wato kwastan, ko a tasha, mata sukan yo kanmu da faranti a ka, ni sai in juya baya in gutsuri gumbata. Sannu a hankali rumbunan gero suka ɓace, itatuwa suka yi ta tsawo har suka haɗiye sama, iska ta yi nauyi kamar ta ɗakin da aka dafa ruwa a ciki.

A bakin babbar kasuwar Kumasi muka iske Baba, yana sayar da shayi. Tebur ne dogo da benci biyu, da tukunyar ruwa bisa gawayi, da gwangwanayen madara a jere, da tulin burodi an rufe da farin ƙyalle. 'Yan dako da direbobi sun cika bencin, Zabarmawa da Mosawa da mutanen gari, kowa da kofinsa. Baba yana ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayi cikin wani har ya yi kumfa, ko ɗigo bai zuba ƙasa ba. Da ya hango mu, kofin ya tsaya a sama. Ya ɗauke ni ya ɗaga, yana ta cewa, "Uwani, ke ce kinka girma haka?" Amma kafin ya aje ni wani ya kira shi da yaren Asante, ya amsa da yaren, har ya yi dariya a cikinsa. Na ce a raina, to ga shi, har bakinsa abincin ya canja.

Ya haɗa mini shayi mai madara da yawa, ya yanka burodi ya shafa man shanu, ya tura gabana yana kallona. Na cusa hannuwana cikin cinya na ce na ƙoshi. Har yau in na tuna yadda ya janye kofin nan a hankali ya ba wani, sai zuciyata ta yi mini ciwo.

Kwanakin da suka biyo, ina bin Inna cikin kasuwa da ido da hanci kawai. Ban taɓa ganin abinci haka ba. Ga doya an jibge kamar itacen girki, ga ayaba manya-manya wadda ba a ci sai an soya, ga manja ja wur a kwano, ga kifi busasshe an lanƙwasa shi ya ciji wutsiyarsa. Mata biyu suna dakan sakwara, ɗaya na sakin taɓarya, ɗaya na juya ƙullin da hannu a cikin turmi, ina jiran a farfasa mata yatsu amma ba a taɓa ba. Akwai dodon koɗi masu rai a kwando, waɗannan kam ko Inna ta yi a'uzu. Ƙamshin ayaba da citta a cikin mai yakan bi ni har ɗaki. Sai in shiga lungu in kwance tsummana.

Abin da Kaka ba ta sani ba shi ne, gumbar da ke wata guda a ƙasarmu ta Adar ba ta kwana da yawa a Kurmi. Laimar garin ta shige ta. Wata safiya na kwance tsumma na iske ta yi funfuna kore, cukun ya yi yauƙi. Inna ta zubar wa kaji, ta dafa shinkafa da wake ta aje mini, na ƙi. Ta lallashe ni, ta yi faɗa, har ta ɗauko muciya. "Ke, so kike ki mutu a garin mutane ki jawo mini magana wurin tsohuwa?" Ni dai ruwa kawai nake sha, shi ma sai na toshe hanci. Washegari da hantsi na tashi daga bencin Baba, ƙasa ta juya, na zauna daɓas.

Baba ya rufe burodinsa da ƙyalle, kasuwa na tsakar ci, ya ce wa masu jiran shayi su yi haƙuri. Ya goya ni kamar jinjira, abin da ban taɓa ganin namiji ya yi ba a Bangi. Ya yi ta tafiya da ni, sai da muka kai wata inuwa ya tambaya, ba tare da ya juyo ba, "Uwani, mi ya hana ki ci?" Da yake ba fuskarsa nake gani ba, sai na iya faɗa. Na gaya masa maganar Kaka, na ce ni ina son in koma gida, kada in zama kamar shi.

Na ji bayansa ya yi tauri. Bai yi dariya ba, bai kuma ce Kaka ta yi ƙarya ba. Ya kai ni wurin wata mace mai jiki da suke kira Mame, mai sayar da dokunu, wato tuwon masara mai tsami da ake dafawa a naɗe cikin ɓawon masara. Ta ɓare ɗaya yana tururi, ta aza soyayyen kifi, ta zuba jajjagen tanka, wato barkono, sannan ta ɗauko albasa ja ta yayyanka a kai. Baba ya ɗauki yanka ɗaya ya kai mini hanci. "Ta ina ce wagga?" Ko cikin barci na san ta. Tamu ce, ta fadama, irin wadda na kwana a kanta har Kumasi. Ya ce, "Duk garin ga ita suke ci, safe da maraice. Kin taɓa ganin Mame ta manta gidansu ta taho Bangi?" Na dubi Mame, na ga ta a raina da tulu a bakin rijiyarmu, dariya ta kuɓuce mini. Ita ma ta kama dariya ba ta san dalili ba.

Duk da haka hannuna ya ƙi miƙuwa. Sai Baba ya ce in fara da albasar, ta shiga ta tsare ƙofa, in na ci na ƙoshi kuma in faɗa masa hanyar gida, mu gani ko ta ɓace. Na ci. Tsamin ya fara ba ni mamaki, tankar ta sa ni hawaye, Mame na yi mini fifita da murfin kwano tana cewa wani abu mai taushi. Na cinye tas. Sannan na rufe ido, na soma: Yamai, Doso, Dogon Dutsi, Kwanni, Madawa, Bangi. Duk suna nan. Don in tabbata sai na wuce cikin gari. Na faɗi gawon da ke bakin gonarmu, da akuyarmu mai kunne ɗaya, da rumbun da ya tsage ba wanda ya yaɓe, da Kaka da ke fita bakin hanya duk ranar da aka ji kukan mota. Da na buɗe ido, Baba ya juya fuska yana goge ta da hularsa.

Daga ranar ba abin da ban ɗanɗana ba a kasuwar nan, ban da dodon koɗi, kuma kowane ci sai na karanta hanya. Masu shan shayi har suka haddace, in na ce Doso su amsa Dogon Dutsi. Da motar Kawu ta tashi komawa da goro, Baba ya bar teburin a hannun wani abokinsa ya hau tare da mu. Ya yaɓe rumbun kafin ruwan farko. Bayan girbi ya koma Kurmi, amma bai sake barin damina ta wuce shi ba.

Yanzu ni ce uwa. Muna zaune kusa da asibitin mishan, inda na ɗan koyi karatun da nake rubutu da shi, kuma kullum ina ganin baƙi daga nesa da 'ya'yansu. Sai in ga an tura wa yaro kwano ya kau da kai, uwa ta ɗaga hannu. Nawa ɗan ma in ya ƙi tuwo nakan tsaya in yi tunanin abin da ya ji a bakin manya ya ɓoye. Kaka ta rasu ba ta san nauyin maganarta ba, Baba ma ya bi ta, ba wanda zai sake goya ni ya tambaye ni. Yaro ba ya ƙin abinci a banza. Don Allah, in naku ya ƙi ci a baƙon wuri, ku aje muciya, ku goya shi, ku tambaye shi abin da yake tsoro.