Ƙwayar Bom a Ɗakin Mero Mai Ƙosai

An koya wa yarinya 'yar shekara goma sha huɗu yadda ake sa ƙwayar bom, maganin ƙwarin hatsi, a buhun wake, ba a gaya mata abin yana kashe mutum ba. Wanda ya koya mata wani ƙato ne a cikin waya, da hularsa da murmushinsa, a irin shafukan bidiyon nan da ake cewa na koyon sana'a ne. Wanda ya sayar mata kuma magidanci ne da gemunsa, a rumfar maganin gona, ya miƙa mata kamar mai miƙa alewa. Yarinyar sunanta Najiba, jikar Mero mai ƙosai ce ta Gozaki.

Duk wanda ya taɓa bi ta Gozaki da hantsi ya san Mero, ko bai san sunanta ba ya san kaskonta. Shekara talatin da ɗoriya tana suya a ƙofar gida ɗaya. Mijinta Lawal ya rasu ya bar mata 'ya'ya biyu da 'yar gona a bayan gari, kuma tun daga ranar ba ta taɓa auno waken suya a kasuwa ba. Ita ke nomawa, ita ke casawa, ita ke adanawa yadda uwarta ta koya mata: a tankaɗe toka, a cuɗa da wake da busasshen barkono, a zuba a randa, a yaɓe bakin da laka. Da 'yarta mace ta rasu wajen haihuwa, Mero ta goya jinjirar, Mansura, ta riƙo hannun yayarta Najiba, ta dawo da su ɗakinta. Ɗaki ɗaya, gado ɗaya, su uku.

A wannan ɗakin waken yake kwana. Haka abin yake a ƙasar nan: waken mace dukiyarta ce, bayan gadonta ake jibge shi inda idonta ke kai. Balle yanzu da ɓarayi suka mayar da fasa rumbu sana'a, har maza sun kwashe amfaninsu sun shigar ɗakin kwana.

Bara bayanta ya hana ta tankaɗen toka, ta bar waken a buhu. Kafin bazara ƙwari sun mayar da buhu biyu gari. Ta zauna a gaban buhunan ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar 'yarta, Najiba na tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

Wayar kuwa ɗan Mero, Jibril ne, direba a Funtua, ya kawo don yarinyar ta yi karatun jarrabawa. Kuma kar a yi wa wayar ƙarya, ta yi rana. A cikinta Najiba ta gane lissafin da ya gagare ta a aji, a cikinta ta koyi zanen lalle har amare suka fara nemanta. Abin da Mero ba ta gane ba shi ne yadda bidiyo ɗaya ke ƙarewa wani ya taso da kansa, ba wanda ya kira shi.

"Malama, wannan malamin naki ba ya gajiya ne? Ko ruwa ba ya sha?"

"Tsohuwa ke nan. Ba mutum ɗaya ba ne, su dubu ne."

"Dubu? To wa ya san iyayensu?"

"Sai an san iyayen mutum zai koya maka abu?"

"Mu dai a zamaninmu sai an sani."

Yarinyar ta yi dariya ta gyara zama. Shafin ma ya taɓa tambayarta shekarunta, ta danna goma sha takwas, ya buɗe mata. Iyakar tsaron ke nan.

Bana wake ya yi kyau, Mero ta samu buhu shida. Aka jera su bayan gado har kusa da rufi, tana cewa in bayan ya lafa za ta nemi toka. Ranar da ta tafi bikin suna a Malumfashi, Najiba ta kwance ɗan abin da ta tara na lalle ta shiga kasuwa. Maharazu mai maganin gona bai tambaye ta 'yar gidan wa ce ba, bai tambaye ta ina buhunan suke ba. Ya ba ta gwangwanin ƙwayar, ya juya ga na bayanta. Ta dawo ta yi yadda mutumin cikin waya ya yi, daki-daki. Ya ce kar iska ta shiga, ta cusa tsumma a 'yar tagar ɗakin. Shi a ƙaton sito yake tsaye, wanda ko akuya ba ta kwana a ciki. Bai faɗi haka ba, ita kuma ba ta lura ba.

Da la'asar Mero ta dawo, ta tsaya a bakin ƙofa tana jan hanci.

"Wa ya daka tafarnuwa a ɗakin nan?"

"Babu kowa."

"To ko ɓera ne ya mutu a bayan buhu?"

"Ƙila." Najiba ta sunkuyar da kai tana danne murmushi. So take sai watan azumi, in an kwance buhu aka ga wake tas babu huji ko ɗaya, sannan ta faɗa.

Lokacin sanyi ne, suka kwana ƙofa a rufe.

Gari ya waye kan Mero kamar an ɗora masa turmi. Najiba ma ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, amma akwai gwaji a makaranta, ta sa hijabi ta tafi. Da Mero ta durƙusa ta jawo ƙwaryar wake daga ƙarƙashin gado, sai ta tarar da kazarta mai kwanci ta sandare a kan ƙwai. Ta ɗaga ta ta juya, babu cizo, babu jini. Ta ce ciwon kaji ya shigo gari ke nan. Wajen shara tsintsiya ta kwaso tsaka biyu da ƙudaje tuli, duk matattu. Ta tsaya ta dube su, sannan ta watsa su bola, don ƙullu na jiranta.

Mansura kuwa, mai shekara uku, da ta saba zagaya kasko tana roƙon na farko, ranar ko kallon ƙosan ba ta yi ba. Ta sha koko cokali biyu ta amayar. Mero ta taɓa goshinta, ta ce zazzaɓi ne ke tafe. Ta yi abin da kowace kaka za ta yi: ta ɗauke ta daga iskar waje, ta kwantar da ita a gado jikin buhunan inda ya fi ɗumi, ta lulluɓe ta da zane biyu, ta jawo ƙofa ta rufe ruf. Ta koma bakin murhu. A waje kan nata ya fara sakinta, har ta ce wa kanta ashe gajiyar hanya ce.

Rana ta ɗaga sosai Malam Rabe ya zo. Maƙwabcinta ne, ya yi shekaru yana dako a sito-siton hatsi na Funtua kafin gwiwa ta dawo da shi gida.

"Inna Mero, a sa mini masu zafi, ba irin na shekaranjiya da suka kusa cire mini haƙori ba."

"Haƙoran nawa suka rage da za a cire?"

Ta miƙa masa, ya sunkuyo zai karɓa, sai ya tsaya. Ya sake matsowa kusa da zanenta. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Inna, wa ya sa bom a gidan nan?"

"Bom kuma? Ni da toka na tashi."

"Wannan warin na san shi. Mu in an sa shi a sito, kwana bakwai ba mai shiga. Ina waken naki yake?"

"Yana ɗaki."

"Wa ke ɗakin?"

Matsamin ƙosan ya faɗi cikin mai. Malam Rabe ya riga ta isa, ya toshe hanci da hularsa, ya banke ƙofar, ya fito da yarinyar a hannu. Jikinta ya saki, leɓɓanta sun canja launi, numfashin sama-sama. Ana neman mai keke Napep sai ga Najiba an rako ta daga makaranta, ta yi amai a aji. Ta ga ƙanwarta, ta ji abin da Malam Rabe ke faɗa, ta zaro wayar ta miƙa wa kakarta.

"Wallahi haka ya ce a yi. Kalli, Inna. Bai ce yana kisa ba."

Mero ta kalla a cikin keke, Mansura na kan cinyarta. Minti huɗu. Mutumin ya yi sallama, ya yi bayani da Hausa tatas, ya roƙi a yaɗa wa 'yan uwa. Gargaɗin yana can ƙasa, layi ɗaya da Turanci, ƙanana kamar ƙwan tururuwa, sai ka danna sannan ya fito.

A asibiti a Malumfashi likita bai ɓoye mata ba. Ya ce wannan guba ba ta da makari, sai ƙarin ruwa da addu'a. Najiba ta tashi bayan kwana biyu. Mansura ba ta kai la'asar ɗin washegari ba.

Masu ta'aziyya sun ce kwana ne ya ƙare, kuma Mero ba ta yi musu da Ubangiji ba. Wasu kuma a bayan ido suna cewa laifin yarinya ne mai rawar kai, wai wa ya aike ta. A ji wannan magana. Yarinyar da ta ga kakarta na kuka ta nemo mata magani, ita za a ɗora wa gawa? An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a nan waɗanda suka ja ruwan ko ɗigo bai taɓa su ba. Maharazu na rumfarsa. Bidiyon na nan, jiya ma an gan shi a wayar wata 'yar unguwa, kuma rabin gidajen Gozaki buhunan wake na jingine da gadon yara.

Don haka mai bidiyo, ko a ina kake, ka sauke shi yau, ko ka sake ɗauka ka fara da faɗa da bakinka, da Hausa, cewa wannan ƙwaya tana kashe wanda ya kwana ɗaki ɗaya da ita. Masu shafi, ku daina tura darasin guba wayar da kuka san lissafin 'yan aji uku ake kallo a cikinta. Masu rumfar maganin gona daga Kafur har Funtua, kar a sake miƙa wa yaro gwangwanin nan, babba ma a tambaye shi inda buhunsa ke kwana. Kuma hukumar da ta bari ana baje shi a kasuwa kusa da gishiri ta zo Gozaki ta tsaya gaban Mero ta yi mata bayani.