Alkamar Makaniken Sabiya

Lokacin da ake gina madatsar ruwan Bakolori, ni nake kai wa ma'aikatan kamfani kaji da albasa daga kasuwar Talata Mafara. A cikinsu akwai wani Bature makanike ɗan ƙasar Sabiya, mai gyaran katafila, wanda ya iya Hausa gwargwado.

Hirarsa ba ta wuce ƙauyensu. Ya ce a gefen tudu yake, ƙorama na gudu a ƙasa, ga itatuwa masu 'ya'ya kamar ɗinya. Idan sanyi ya kama, ƙanƙara kan toshe hanya. Samari sun watse birni, gidajen da ke kulle sun fi masu hayaƙi yawa. Kowane gida yana da ranarsa a shekara, ɗa ke gadonta daga uba: a dafa tsabar alkama da sukari, a ba baƙi, a tuna mamata. Mahaifinsa bai daɗe da rasuwa ba, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rage. In bai yi ba, ranar gidansu ta mutu ke nan.

Ya ce in nemo masa alkama, gari ba zai yi ba. Na zaga Mafara da Bakura ban samu ba, don an baje fadamun da ake nomanta. Daga baya aka kwatanta mini wani dattijo a Dakko mai ajiyar iri. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan na faɗi abin da ya kawo ni.

"Wa ka nemanta?" in ji shi.

"Wani Bature ne, Baba, mai gyaran katafila."

"Wadda ta cinye min gona? In ba shi iri shi ƙara mata ƙarfi?"

Na ce sadakar ubansa zai yi. Na ba shi labarin ƙauyen yadda na ji, ban ƙara gishiri ba. Sai ya ce, "Su ma Turawa suna da ƙauye? To wa ka share kabarin uban?"

Na ce ban sani ba.

Ya shiga rumbu ya fito da alkama a ƙwarya, ya ce ba ta sayarwa ba ce, kuma ba ya son godiyar Baturen.

Ranar da makaniken ya dafa, ya kunna kyandir ya yi addu'arsa da yarensu. Ni da direbobi muka zama baƙin, bayan na tabbatar babu giya a ciki. Ya so dattijon ya zo, amma tsohon ya aiko cewa ƙafarsa ba za ta taka harabar kamfani ba. Sai na kai masa nasa a kwano. Ya ɗanɗana, ya ce sukari ya yi yawa, sannan ya cinye.