An Sa Wuta a Coci

Na manta sunayen ɗalibaina da yawa, na manta har rabin nahawun da na ci abinci da shi, amma akwai wata Alhamis a farkon shekarun casa'in da ba za ta bar kaina ba sai ranar da aka rufe ni.

Lokacin ina koyarwa a wata sakandare a gefen Kafanchan. Rikicin tamanin da bakwai ya wuce, amma bai fita daga zukata ba; ko taya ce ta fashe sai ka ga kasuwa ta watse. A ƙofar makarantarmu akwai wata dattijuwar Bafulatana mai fura da nono, kowa Inna yake ce mata. Da nononta muka tara tumbi, Kirista da Musulmi.

Da hantsi malamin lissafi ya faɗo ɗakin malamai yana haki: "An sa wuta a cocin ƙauyenmu!" Yayansa, mai fataucin citta daga wajen Kwoi, shi ya ƙwala masa maganar daga kan babur, bai ko tsaya ba. Ba wanda ya tambayi komai. Mutanen da ke jan biro a kan waƙafi ɗaya suka haɗiye labarin ɗungurungum. Wani ya tsallaka titi ya gaya wa masu faci. Kafin ya dawo, cocin ya zama biyu, an kuma san waɗanda suka ƙone su: Fulani. Samari suka fara taruwa da sanduna da ƙarafan cire taya, Bafulatanar da ta fi kusa kuwa ita ce Inna.

Shugabar makarantar, wata tsohuwa mai tabarau da muke kira Mama, ta fito ta ɗauki ƙwaryar Inna da hannunta, ta shigar da Inna ofis, ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa.

"Mama, ki ba mu hanya," in ji wani mai ƙarfe a hannu. "An ƙone mana gidan Allah."

"Kai ka gani?"

"An faɗa."

"Shi wannan An ɗin, ɗan gidan wa ne? A kawo mini shi tukuna." Ta waiwayo ni: "Malam, hau babur ka nemo mai cittar nan."

Na same shi a kasuwa yana ɗaure buhu, fuska sai walƙiya.

"Yaya, me ya sami cocinku?"

"Ashe kun ji! Mun gode wa Yesu. Jiya aka sa mana wuta, kwan fitila har kan bagade. Ran Lahadi ku zo sujadar godiya."

Lantarki. Na goyo shi muka dawo, ya maimaita a gaban taron. Sanduna suka yi ƙasa, wasu har da dariya. Inna ba ta yi ba, don ta ji komai ta taga. Ta fito, ta yi wa Mama addu'a, sannan ta dubi mai ƙarfen ta ce, "Wannan ai ranar sunansa ni na kai wa uwarsa man shanu." Ta aza ƙwaryarta ta tafi. Ba ta sake zama a ƙofarmu ba. Daga baya muka ji rugarsu ta tashi zuwa wajen Kauru.

Washegari Mama ta kafa doka: duk labarin da ya taɓa addini ko ƙabila, ba ya fita daga ɗakin malamai sai an san wanda ya gani da idonsa, an kuma tambaye shi me yake nufi.

Yau ni ke kula da zauren tsofaffin malamai a waya. Wanda ya turo linki bai buɗe ba, ko hoton gobara da "haka aka turo mini," gogewa nake yi, ko fasto ne. Suna ce mini mugun hedimasta. Ba na jin haushi. Na koyi cewa mai isar da magana yana da hannu a duk abin da ta aikata, kuma ko an gyara kuskure, ba lallai Inna ta dawo ba.