Gawayi Ta Bar Shagon Guga

Yana cikin goge wa Sitati ido ta yi atishawa a tafin hannunsa. Baba mai guga ya ce, "Ko kunya babu," ya sake tsoma tsumman a ruwan ɗumi, ya matse. Haka yake yi kullum da safe kafin ya hura wutar dutsen guga: kyanwoyinsa su jeru a bakin shago, ya wanke musu fuska ɗaya bayan ɗaya da tsohon ɗankwalin marigayiya matarsa. Ita ta saba musu da hakan. Da ta rasu ya gaji tsumman, ya gaji kyanwoyin, ya gaji shirun ɗakin.

Mutum ne da ba ya haɗa farar riga da mai launi a baho ɗaya. Amma a wurinsa kyanwa 'ya ce, 'ya'yan gida ɗaya kuwa ba a raba musu kwano.

Kwanakin baya ya tsinci wata 'yar kyanwa a bakin kwata, kwantsa ta manne mata idanu. Ya kawo ta gida a aljihu, ya goge ta da tsumman, ya sa ta a layi. Ba ta daɗe ba ta mutu. Bula, mai toka-tokar nan, ta bi bayanta, hanci a toshe, harshe duk gyambo, tana kallon abinci kamar wani tsohon sani da ta manta sunansa. Yanzu ga farar, Sitati, ta fara.

Autarsa, wadda ke aure a ƙarshen gari, ita ta kawo likitar dabbobi. Likitar ta tsuguna tsakanin ƙullin kayan wanki, ta buɗe bakin Sitati, ta daɗe tana dubawa.

"Murar kyanwa ce, Baba. An yi musu allurar rigakafi?"

"Allura kuma? Su da ko bakin titi ba sa zuwa."

"Ai ciwon ne ya same su har gida. Baƙuwa in ta zo, keɓe ta ake yi da kwanonta, sai an ga lafiyarta." Idonta ya kai kan ɗankwalin a igiya. "Da wannan kake goge musu? Dukkansu?"

"Shi suka sani."

Likitar ta mayar da idonta kan Sitati. Baba ya dubi hannayensa, waɗanda suka fitar da tabon maiƙo daga rigunan rabin unguwa.

Saura Gawayi, baƙar tsohuwar da matarsa ta raina tun ba ta cika tafin hannu ba. Ita ba ta shiga layi, kullum tana saman kabad tana kallon duniya a wulaƙance, girman kan nan ne ya kare ta zuwa yau. Likitar ta ce ba ta ga alama a jikinta ba tukuna, amma shagon ciki ɗaya ne, dole a kai ta gidan da babu kyanwa, a yi mata allura. Sitati kuwa ga magani, a riƙa share mata hanci da auduga ana yarwa.

"Ni zan tafi da ita, Baba," in ji Auta. "Maigidana ba ya son kyanwa, amma surutuna ma ba ya so, ga shi ya saba."

Baba bai yi dariya ba. "Ba ta ci in ana kallonta. Kuma kan kayan da aka goge take kwanciya, masu ɗumi."

"Zan riƙa goge mata zani."

"Yaushe za ta dawo, Likita?"

"Ko Sitati ta tashi, ciwon kan ɓuya a jikinta, ta shafa wa wata. Kar ka sa rana, Baba."

Ya miƙe, ya kai hannu saman kabad.

"Kar ka taɓa ta," in ji likitar a hankali. "Yanzu ka sauke marar lafiyar."

Hannun ya tsaya a iska, sannan ya mayar da shi bayansa, ya riƙe da ɗayan. Auta ta taka kujera, ta sauko da Gawayi, ta sa ta cikin kwando. Gawayi ta leƙo ta ƙarƙashin murfin, ta yi kuka siriri, shi take kallo.

"Mai kayan nan yana jirana," in ji Baba. Ya sunkuci wani ƙulli da ko guga bai gani ba, ya raɓa ta gefen kwandon, ya fita.