Ƙahon da Na Sayo wa Baba a Panyu

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Guangzhou ina sayo wa 'yan kasuwarmu na Kano kayan waya, mahaifina ya ba ni saƙon da ban taɓa karɓar irinsa ba. Cewa ya yi in sayo masa susafon. Ga wanda bai san shi ba, shi ne ƙaton ƙahon nan na 'yan badujala, wanda mai busa ke shiga cikinsa ya rataya a kafaɗa, bakinsa a buɗe saman kai. Shi ke ba da kakkaurar muryar ƙasa wadda masu fareti ke ɗora ƙafa a kanta.

Mahaifina tsohon ɗan badujala ne. Wannan ƙahon ya busa tun yana saurayi har ya yi ritaya. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, na taso ina jin kunyar aikin. Idan aka tambaye ni a makaranta, sai in ce ma'aikacin gwamnati ne, in ja bakina. Bai taɓa nuna ya sani ba, amma ina kyautata zaton ya sani.

Dalilin saƙon shi ne, ɗalibinsa na ƙarshe, wanda ya zama shugaban badujala, zai ajiye aiki. An shirya masa faretin bankwana, ya roƙi Baba ya shigo sahu ya yi busa. Baba kuwa bai daɗe da tashi daga ciwon ƙirji ba. Ya je ya gwada tsohon ƙahon da suke da shi, numfashinsa ya kasa cika shi, kuma a gaban matasan da suke jin labarinsa a bakin malaminsu. Mahaifiyata ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Abin ya rage ko ya samu ƙahon da ƙirjinsa zai iya, ko ya zauna a rumfar baƙi yana kallo.

Na ce masa an gama. Na kama abokina, wani mutumin Maraɗi da ya fi ni jin yaren ƙasar, muka hau jirgin ƙasa zuwa Panyu, inda aka kwatanta mana wani ɗakin ajiyar kayan busa. Kwantenarmu za ta tashi daga tashar jirgin ruwa ta Huangpu bayan kwana biyu, idan ta wuce, mai bi mata sai bayan fareti.

Guda uku muka tarar. Ni kuma na tafi da idon ɗan kasuwa. A sana'armu, caja ko batir, a tafin hannu muke auna shi: mai nauyi shi ne mai kyau, marar nauyi jabu. Saboda haka na cicciɓi kowanne, na zaɓi wanda ya kusa karya mini ƙugu, na tagulla, yana ƙyalli har ina ganin hulata a jikinsa. Akwai wani fari na faiba, mai kama da roba, a gefe, ko kallo na biyu ban yi masa ba. Na ce wa abokina wannan ai bahon wanka ne aka lanƙwasa.

Wani dattijo ɗan ƙasar, mai gyaran kayan a wurin, ya busa mana na tagullar. Na ɗauka a waya na tura gida, ina jiran sa albarka. La'asar ce a wurinmu, can kuma hantsi. Sai ga kiran Baba.

"Alhaji," ya ce. Haka yake kirana idan zai yi mini gyara. "Me ka turo mini? Ba na jin komai sai huci."

"Baba, shi ne mafi nauyi a cikinsu. Kun ga ƙyallinsa kuwa?"

"Ƙyalli zan busa? Waya ba ta ɗaukar muryar ƙasa, ko ka turo sau goma. Kai za ka zame mini kunne. Ka taɓa tsayawa ka saurare ni ina busa?"

Bai jira amsa ba.

Ya ce in sa wayar a amsa-kuwwa in ajiye. Ya ce abu biyu yake nema: muryar ƙasa ta fito a rarrabe, kowace da kanta, ba ta dunƙule kamar kunun da ya yi gudaji ba, sannan ta fito da zarar an hura, don shi yanzu ba shi da iskar da zai yi ta lallashin ƙarfe. Hanyar ganewa kuma ɗaya ce. Dattijon zai busa can ƙasa a kan takun fareti, ni kuma in yi maci, in lura ko sautin na sauka tare da ƙafata ko yana biyo ta a baya.

"Maci, Baba? A nan?"

"A nan. Tuɓe takalmin, ƙasa za ta gaya maka."

Abokina ya fassara wa dattijon. Na zaci zai yi dariya. Sai ya kalli wayar, ya gyaɗa kai, ya ce, "Lawban," yana nuna ta da babban yatsa, wato maigida ke nan. Abokina ya ce mini, "Wanga tsoho ya gane tsohonka, kai ɗai ka rage."

Haka na tattare 'yar sharata, ƙato da ni, ba takalmi, ina taku tsakanin kwalaye. Baba na ba da lokaci ta waya, "Hagu, dama, hagu," yana tsayawa ya yi tari ya ci gaba. Da na tagullar, da farko ban ji bambancin komai ba, sai daɗin ƙara. Baba ya ce in sake, in daina sauraro da kunne. A zagaye na uku na gane: ƙafata na sauka, sannan simintin ya yi rawa. Tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma tana nan. Da dattijon ya sauko da sauri zuwa can ƙasa kuma, sai muryoyin suka cakuɗe. Na kalli fuskarsa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi.

Na faɗa wa Baba. Ya ce, "To. Shi ke nan ka fara ji. Na gaba."

Na biyun ma haka, da ɗan dama. Sai aka zo kan bahon wankana. Dattijon ya saɓa shi da hannu ɗaya, ya hura, sautin ya riski tafin ƙafata daidai lokacin da ta taɓa ƙasa. Na yi ta zagaye ina jiran ya makara, bai makara ba. Ban san sanda na ce, "Baba, wannan tare muke sauka" ba.

Sai Baba ya tambayi nauyinsa, ya sa dattijon ya danna maɓallan kusa da waya ya ji ko suna dawowa da wuri. Daga nan sai ya shiga ba ni labarin ranar da aka fara rataya masa ƙaho, da yadda kafaɗarsa ta yi kanta, abubuwan da ban taɓa tambaya ba. Ina tsaye ba takalmi ina saurare, har aka fara rufe wurin.

Na je gida don faretin. Baba ya shiga sahun baya da farin ƙahonsa, shi kaɗai mai furfura a cikinsu. Ya zagaya filin sau ɗaya cif, bai karya taku ba, sannan ya fito da kansa ya zauna. Na kai masa ruwa, numfashinsa na fita da ƙyar. Da ya samu kansa sai ya ce, "Bai sa ni jira ba. Allah ya yi maka albarka."

Bai sake wani fareti ba. Allah ya yi masa rasuwa bayan damina biyu, ƙahon kuma muka ba ɗalibin nasa yana koyar da matasa da shi.

Har yau ina auna kaya a tafin hannu, sana'a ce, amma na daina rantsuwa da nauyi. Abin da ya fi tsaya mini a rai dai ba wannan ba ne. Na yi shekaru ina kwana gida ɗaya da mutumin nan, ina toshe kunne idan ya ɗauko aikinsa. Hirar da muka yi ranar a Panyu ita ce mafi tsawo da na taɓa yi da mahaifina, kuma sai da na je wata duniya sannan na yi ta. Allah ya jiƙansa.